Yadda Ake Kafa Cen-Bulok da Kiren a Wurin Aiki, da Yadda Ake Ɗaga Kaya da Su

Duk wanda ya saba bi ta garejojin Sabon Gari ko Kwangila ko bakin titin Ɗanmagaji ya san wannan tsari: cen-bulok, wato injin ɗaga kaya da sarƙa, rataye a reshen darbejiya, injin mota yana lilo a ƙasansa, yaro ɗaya yana jan sarƙa, wani kuma ya zura kai ta ƙarƙashi yana kwance ƙusar da ta rage. A wurin masu walda da masu injin niƙa kuwa sarkin yawa ake kira, ƙarti biyar su taru a kan abu ɗaya, a ce ɗaya, biyu, uku. Haka ake tafiya shekara da shekaru, ranar da reshe ya tsage ko ƙwanƙwason wani ya tashi aiki sai a ce tsautsayi ne.

Ɗaga kaya daga sama jerin abubuwa huɗu ne: abin da aka rataya injin a jikinsa, injin ɗin kansa, sarƙa ko bel ɗin da aka ɗaure kaya da shi, sai wurin da aka kama a jikin kayan. Ƙarfin jerin duka bai wuce ƙarfin mafi rauni a cikinsu ba. Yawancin masu shago a na biyun suke kashe kuɗi, su sayo mai tan 3 sabo fil, sannan su rataye shi a bututun da babu wanda ya san ko zai ɗauki rabin tan. Shi ya sa bayanin nan zai fi daɗewa a kan na farko da na uku.

Fara da sanin nauyin kayan

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A hatsi haka ne, a ƙarfe kuwa ido yana yaudara sosai. Kafin a sayi komai, a zauna a rubuta abubuwa mafi nauyi da ake ɗagawa a wurin, da sau nawa ake ɗaga su a rana.

Janareto da injina da taransifoma galibi suna da ɗan allon ƙarfe a jiki da aka rubuta nauyinsu, shi ne abin dubawa na farko. Inda babu, a yi lissafi. Ƙarfe mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1 yana da kilo 7,850. Kankare mai wannan girma kilo 2,400. Ruwa kilo 1,000. Falan ƙarfe na ƙafa 4 da ƙafa 8, kowace milimita ta kaurinsa kilo 23 da ɗoriya ce, wato mai milimita 6 ya kai kilo 140, mai milimita 10 kuma kilo 234. Duro mai lita 200 cike da mai yana kusan kilo 200 har da duron. Murfin kankare na mita 1 da mita 2 mai kaurin santimita 15 kilo 720 ne, ko da yake a ido kamar mutum huɗu za su ɗauka. Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu yakan faɗa tsakanin kilo 120 da 180, na babbar tirela kuwa yana zagayen tan guda, kuma idan an fito da shi haɗe da giya nauyin ya ƙaru. Idan lissafi ya fito, a ƙara aƙalla kashi 25 cikin ɗari saboda mai da ruwa da lakar da ba a sa a lissafi ba.

Wani abin da ake mantawa: kayan da ya maƙale ba shi da nauyin da aka sani. Injin da ƙusa ɗaya ta rage a mazauninsa, ko ƙarfen da siminti ya kama, cen-bulok zai yi ta ja har ya ɗora wa sarƙa ninkin abin da aka yi zato. A tabbata an kwance komai kafin a ja.

Wane iri ya dace da wurin

Idan ɗagawar ba ta wuce sau biyar ko shida a rana ba, cen-bulok na hannu ya wadatar, kuma ba ruwansa da ko akwai wuta ko babu. Ana samunsa daga rabin tan, tan 1, 2, 3, 5 har 10, galibi da sarƙar da ke ɗaga mita 3. Illarsa jinkiri: a mai tan 1, kafin kaya ya tashi mita guda sai an ja wajen mita 30 zuwa 40 na sarƙar hannu, kuma duk girman injin, jinkirin ya fi. Saboda haka sayen mai tan 5 don aikin kilo 300 ɓata lokaci ne. Inda ake ɗagawa sau talatin ko arba'in a rana, kamar wurin sarrafa hatsi ko ɗakin ajiyar taki, na lantarki ne zai biya kuɗinsa, don yana tafiyar mita 4 zuwa 8 a minti ɗaya.

Sai tambayar ina kayan zai je bayan ya tashi. Idan sama da ƙasa kawai ne, a tura mota a cire ta daga ƙarƙashi, maratayi mai ƙafa uku ya isa. Idan kaya zai yi tafiya a miƙe, daga mota zuwa teburin aiki, bim ake so, wato dogon ƙarfen da ake gittawa a sama, da taroli mai taya da ke gudu a jikinsa ɗauke da cen-bulok, ko dai kafaffe ko kan ƙafafu biyu masu taya, wanda ake kira gantiri. Idan kuma aikin yana zagaye da wuri ɗaya ne, kamar bakin injin yankan ƙarfe, kiren mai hannu ɗaya da ke juyawa a kan ginshiƙi ya fi.

A auna tsayi kafin a yanka ƙarfe. Misali, fitar da inji daga a-kori-kura: gaban motar mita 1.1 daga ƙasa, injin santimita 80, ɗauri ya ci santimita 50, cen-bulok da taroli sun ci wata 50. Mita 2.9 ke nan, a ƙara santimita 20 na sarari. Wanda ya kafa bim a mita 2.5 zai tarar ƙugiya ta ƙure sama, inji kuwa bai fita daga mota ba, sai a koma sace iskar taya.

Abin da za a rataya a kai

Reshen itace ba ya shiga lissafi, komai kaurinsa. Gara da ruɓa ta ciki suke ci, kuma reshen da ya ɗauki inji ashirin yana iya tsagewa a na ashirin da ɗaya. Haka katakon rufi da ƙarfen rufin rumfa: an yi su ne don kwano da iska, babu wanda ya sa tan guda a lissafinsu. Linta da bangon bulo su ma a bar su. Rodin da aka lanƙwasa aka bari a jikin rufin kankare ya zama ƙugiya shi ma abin gudu ne, don ba a san zurfin da ya shiga ba.

Bim na gaskiya shi ne mai siffar I ko H, a tsaye a kan tsayinsa. Abin da ya kamata mai shago ya riƙe a ka shi ne tasirin tazara. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ƙafafu biyu, wahalar da ke kan tsakiyar bim ta ninka, lanƙwasawarsa kuma ta ninka sau takwas. Bim ɗin da ya ɗauki tan 1 lafiya a mita 3 ba shi ne zai ɗauke shi a mita 6 ba. Don a samu abin kwatance, I-bim na ƙwarai mai tsayin milimita 200 da faɗin milimita 100, a tazarar mita 4, da tan 1 a tsakiya, yana saukowa da kusan milimita 3 ne kawai. Ƙa'idar da ake yawan bi ita ce kada saukowar ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na tazarar, wato milimita 8 a mita 4. Ana iya gwadawa da zare: a ja shi tsaf daga wannan baki zuwa wancan, a auna tsakiya kafin a ɗora kaya da bayan an ɗora. Idan an sauke kaya bim bai koma yadda yake ba, ya riga ya ji jiki, a sauke shi.

Wannan misali ne. Zanen ƙafafu da waldar kusurwoyi da tokarar gefe aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma Zariya ba garin da za a ce an rasa injiniya ba ne, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli.  Bim ɗin gwanjo da aka ciro daga rusasshen gini a kankare tsatsarsa a auna kaurin da ya rage, musamman leɓen ƙasa, tunda a kansa tayoyin taroli za su hau.

Wajen sa taroli, akwai ƙananan zobban ƙarfe, wato washa, da ake jerawa a kan sandarsa don daidaita shi da faɗin bim. A raba su daidai hagu da dama, a bar sararin milimita 2 zuwa 3 tsakanin leɓen taya da bakin bim a kowane gefe. In ya matse zai cije, in ya yi sako-sako zai iya zamewa ya faɗo. A ƙarshen bim ta kowane ɓangare a ɗaura ƙarfen tsayarwa da ƙusa da noti. Sau da yawa ana barin wannan sai gobe, kuma taroli mai ɗauke da kaya ba ya tsayawa don an ce masa tsaya. A duba da ma'aunin ruwa cewa bim a kwance yake daidai, in ba haka ba kaya zai riƙa gangarawa da kansa.

Mai ƙafa uku a haɗa ƙafafunsa ta ƙasa da sarƙa don kada su baje, a sa wa kowace ƙafa faffaɗan falan ƙarfe ko katako mai kauri, musamman da damina da ƙasa ke laushi. Sama da ƙasa kawai yake ɗagawa. Ja ta gefe kifar da shi yake yi. Kiren mai hannu kuwa matsalarsa a gindi take. Kilo 500 a ƙarshen hannu mai mita 3 yana ƙoƙarin tumɓuke ginshiƙin ne, saboda haka yana buƙatar nasa tushen kankare da rodi da aka haƙa musamman. Daɓen shago na santimita 10 ba zai riƙe shi ba.

Bayan an gama kafawa, a gwada da kashi 125 cikin ɗari na nauyin da za a rubuta, a gaban injiniyan, kowa yana nesa. Buhunan siminti sun dace da gwaji tunda kowanne kilo 50 ne: buhu 25 don gwada mai tan 1. A ɗaga kaɗan, a gangara da shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Daga nan a rubuta nauyin da manyan haruffa da fenti a jikin bim, inda mai tsaye a ƙasa zai gani. Idan bim na tan 1 ne, cen-bulok na tan 2, abin da za a rubuta tan 1 ne, kuma gara ma a sauya cen-bulok ɗin, don yaran shago lambar jikinsa za su duba.

Duba cen-bulok

A kasuwa, wanda ba shi da allon da ke nuna nauyi da lambar ƙira da sunan kamfani a bar shi, araha ba ta ado. Haruffan WLL ko SWL da ke jiki su ne iyakar abin da aka yarda ya ɗauka. Sarƙar kaya ta ƙwarai tana da alamar 8 ko 80 ko T da aka buga a jikin wasu zobbanta. Sarƙar ɗaure ƙofa ko ta jan mota kamanni kawai suka yi da ita.

Ranar da aka sayo, a auna abu biyu a rubuta a littafi: faɗin bakin ƙugiya, da tsawon zobba 11 na sarƙar kaya. A sarƙa mai milimita 6, wadda aka fi samu a mai tan 1, zobba 11 sukan ba da milimita 198 idan an auna ta ciki. Ranar da awon ya kai 204, wato ƙarin kashi 3 cikin ɗari, sarƙar ta gama aiki. Haka idan kaurin zobe ya ragu da kashi 10, kuma a inda zobe ke gugar zobe ake aunawa, don nan ne yake cinyewa. Bakin ƙugiya idan ya buɗe da kashi 10 a sauya ta, wasu kamfanonin ma kashi 5 suka yarda. Akwai alama mai sauƙi: idan ɗan harshen da ke rufe bakin ya daina taɓa kan ƙugiyar, ta buɗe. Ƙugiyar da ta buɗe shaida ce an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, saboda haka sauran injin ma a bincika shi. Ba a mayar da ita da guduma ko wuta, ba a kuma yi wa zoben sarƙa walda. Ƙarfen an gasa shi ne a masana'anta, zafin da ya wuce digiri 200 yana fara rage masa ƙarfi.

Kowace safiya kafin aiki, minti biyu sun isa. A bi sarƙa da ido da hannu, a nemi zoben da ya lanƙwashe ko ya tsage. A masu sarƙa biyu, a tabbata ƙugiyar ƙasa ba ta wuntsula ta tsakanin sarƙoƙin ba, don hakan yana murɗe su ba tare da an lura ba. A ja sama babu kaya, a saurari ƙas-ƙas ɗin haƙorin birki. Idan babu wannan ƙara, kada a ɗora masa komai.

Mutum ɗaya ne ke jan sarƙar hannu. An ƙera shi yadda a cikakken nauyi jan ba zai wuce kilo 25 zuwa 35 ba. Duk lokacin da aka ji oga yana cewa wani ya zo ya kama masa, to kaya ya fi ƙarfin injin ko wani abu ya cije, kuma abin yi shi ne a tsaya a duba.

Ɗauri

Nan ne aka fi yin kuskure. Na farko, naɗe kaya da sarƙar cen-bulok ɗin kanta a maƙala ƙugiya a jikinta. Yana lanƙwasa zobe, yana buɗe ƙugiya. A nemi sarƙar ɗauri daban ko bel.

Bel ɗin ɗaukar kaya launinsa yana faɗin ƙarfinsa: shunayya tan 1, kore tan 2, ruwan ɗorawa tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5, ruwan ƙasa tan 6, shuɗi tan 8, ruwan goro tan 10 zuwa sama. Duk da haka takardar da aka ɗinka a jikinsa ita ce hujja, wanda ta cire a ajiye shi. Bel ɗin ɗaure kaya a bayan mota, mai abin ɗamewa, ba na ɗagawa ba ne. Bel ba ya shiri da kaifi, bakin falan ƙarfe yana yanka shi kamar reza da zarar nauyi ya hau, saboda haka a sa tsohuwar taya da aka yanka ko katako a kowace kusurwa. Rana ma tana cinsa, ruwan batir kuma yana lalata sarƙa ta ciki ba tare da an gani ba.

Yadda aka ɗaura yana sauya ƙarfin. Bel na tan 1 a miƙe tan 1 ne. Idan aka yi masa zarge, wato aka zura baki ɗaya cikin ɗaya ya shaƙe kayan, ya koma kilo 800. Idan aka zagayo da shi ta ƙarƙashi kamar majanyi, bakin biyu suka miƙe sama kusa da juna, ya kai tan 2.

Sai buɗewar ƙafafun ɗauri, wato sarƙoƙi ko bel ɗin da ke saukowa daga ƙugiya zuwa kaya. Ɗauki kaya mai kilo 1,000 da aka kama da ƙafa biyu. Hankali zai ce kowace ƙafa kilo 500 ta ɗauka, kuma haka ne idan suna tsaye cak. Idan kusurwar da ke tsakaninsu a wurin ƙugiya ta kai digiri 60, kowacce tana ɗaukar kilo 577. A digiri 90, kilo 707. A digiri 120, kowace ƙafa ita kaɗai tana ɗauke da kilo 1,000 cur. A digiri 150 ya haura kilo 1,900. Wannan ne dalilin da gajeriyar sarƙar da aka ɗame a kan dogon kaya take tsinkewa alhali lambar jikinta ta fi nauyin kayan. Ba sai an nemi ma'aunin kusurwa ba: a auna tazarar da ke tsakanin wurare biyun da za a kama, a tabbata tsawon kowace ƙafa ya kai wannan tazarar ko ya fi. Hakan yana ba da digiri 60 ko ƙasa. Digiri 120 shi ne iyaka ta ƙarshe. Idan kaya dogo ne, rufi kuma gajere, a ƙera sandar baza ɗauri, ita ma da lissafin injiniya. Mai ƙafa huɗu a lissafa shi kamar uku, a kaya mai tauri irin janareto ma kamar biyu, don ba sa raba nauyi daidai.

Shakul, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ake haɗa ɗauri da shi, da fil ɗinsa na asali ake amfani, ba a maye gurbinsa da ƙusar da aka tsinta. Ƙusa mai zobe a ka, irin wadda ake gani a saman motar lantarki mai juya famfo ko inji, an sa ta ne don ɗaga motar kaɗai, ba har da famfo ko injin da aka haɗa ta da shi ba, kuma jan ta a karkace digiri 45 yana mayar da ƙarfinta kusan kashi 30 cikin ɗari. A injin mota a kama kunnuwan da kamfani ya tanada, a bar bututun hayaƙi da na shigar iska. Kaya ya zauna a cikin kwarin ƙugiya, ba a kan bakinta ba.

Ɗagawar kanta

A share hanya, a shirya inda za a sauke tun kafin a fara, da katako biyu a ƙasa don a iya zare bel. A kawo ƙugiya daidai saman cibiyar nauyin kayan, wadda ba kullum take tsakiya ba; inji da giya gefen injin ya fi nauyi. Idan ƙugiya tana gefe, kaya yana barin ƙasa zai yi lilo ya nemi ƙarƙashinta, kuma duk ƙafar da ke hanya ta shiga uku.

A ja a hankali har ɗauri ya ɗame, a cire hannu daga tsakanin bel da kaya. A ɗaga santimita 10, a tsaya, a saki sarƙar hannu. A duba ko kaya yana zamewa ƙasa, ko ya karkata, ko bim ya yi wata ƙara. In ya karkata a sauke a gyara ɗauri, kada a ce wani ya danne ɗaya gefen. Fizga ita ce babbar abokiyar gaba: kayan da ya zame ya faɗi ko da ɗan taƙi ne sarƙa ta cafke shi, nauyin da ya buga mata yana iya ninka nasa.

A tafi da kaya ƙasa-ƙasa gwargwadon yadda hanya ta bari. Turawa ake yi daga baya, ba a ja zuwa jiki. Dogon kaya a ɗaura masa igiya a baki, mai riƙewa ya tsaya nesa, kuma kada ya naɗe ta a hannu. Mutum ɗaya ne ke ba da umarni, amma kalmar tsaya kowa yana da ikon faɗinta, har yaron da ya zo koyon aiki jiya, kuma maigida ya faɗi wannan da bakinsa a gaban kowa, don yaro ba zai ɗaga wa oga murya ba sai an ba shi izini. Inda ƙarar janareto ta hana ji, yatsa sama ana juyawa yana nufin ɗaga, yatsa ƙasa ana juyawa sauke, hannu a miƙe tafi yana kallon ƙasa tsaya.

Babu wanda zai shiga ƙarƙashin kayan da ke rataye. In dole sai an yi aiki a ƙasansa, a sauke shi kan tsayayyen abu tukuna. In aka kira salla ko aka tashi cin abinci, a sauke kaya ƙasa kafin a tafi. Masu walda kuma su kula: yin walda a jikin abin da ke rataye yana sa wuta ta bi ta sarƙa, ta ƙona wuraren da zobba ke haɗuwa. A waje kuwa, a ɗaga kai a duba wayoyin wuta kafin a tura gantiri, a bar aƙalla mita 3 tsakani.

Na lantarki da halin wutarmu

Mai aiki da layin wuta uku yana da haɗarin da ya kamata kowa ya sani. Idan layi biyu suka sauya wuri, ko bayan gyara a taransifoma ko wajen haɗa janareto, motar injin tana juyawa a baibai: a danna sama kaya ya yi ƙasa. Abin da ya fi muni, makunnin da ke yanke wuta idan ƙugiya ta kai ƙarshe ba zai yi aiki ba a yawancin irin wannan yanayi, sai ƙugiya ta daki jikin injin. Duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareto ko aka taɓa wayoyi, a ɗan taɓa maɓallin babu kaya a ga inda ta nufa. Mafi alheri a sa ɗan na'urar da ke hana injin tashi idan layi ya juye ko ɗaya ya ɗauke, tunda aiki da layi biyu ko da raunanniyar wuta shi ke ƙona mota.

Ƙananan masu layi ɗaya da ake sayarwa da arha, a karanta allonsu. Idan an rubuta S3 20%, ma'anarsa a kowane minti 10 aikin minti 2 ne, hutun minti 8. Nauyin da aka rubuta babba a kwalinsu kuma galibi na wayar ɗagawa da aka ninka biyu ne da fule, wato ɗan gargaren da take zagayawa a kai. A waya ɗaya rabi ne. Birkinsu yana kamawa da kansa idan wuta ta ɗauke, saboda haka kaya zai tsaya a sama. A killace wurin har a tayar da janareto.

Tsarin wuri da kulawa

Saurin aiki daga tsarin wuri yake fitowa. Bim ya bi ta saman wurare uku a layi ɗaya: inda mota ke tsayawa, teburin aiki, da inda ake ajiya. A ja layin fenti a ƙasa a hana ajiye komai a ciki. Bel da shakul su samu ƙusoshinsu a bango kusa da wurin, don rabin lokacin da ake ɓatawa neman abin ɗauri ne. Abin da ake ɗagawa kullum, kamar duro ko buhuna, a yi masa nasa kwando ko maƙali na dindindin da aka gwada. Buhun masara mai kilo 100 ya ninka fiye da sau huɗu kilo 23 da hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa a matsayin iyakar ɗaukar mutum ɗaya a yanayi mafi kyau, alhali da cen-bulok buhu biyar a ɗagawa ɗaya aikin mutum biyu ne.

Ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris tana zama kamar sanfefa a tsakanin zobba. A wanke sarƙa da kananzir, a bar ta ta bushe, a shafa man inji mai tsabta ya shiga mahaɗan zobba, a goge na waje. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da garin ƙarfe, a bar shi. Giris na ɓangaren giya ne kawai. Ko ɗigo kada ya taɓa faifan birki, don birkin da ya sha mai sakin kaya yake yi. Da damina a sauke cen-bulok a shigar da shi ciki, ko a rufe shi.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a rubuta iyakar nauyi a jikin kayan ɗagawa, ƙwararre ya riƙa bincika su, a kuma ajiye rajista. Tsarin da aka saba shi ne sarƙoƙi da bel da shakul duk wata 6, injin da bim aƙalla sau ɗaya a shekara. Littafi mai shafi 40 ya isa: lambar kowane abu, ranar dubawa, awon ƙugiya da na zobba 11, da sa hannun wanda ya duba. Bel ko sarƙar da ta faɗi gwaji a yanka ta gida uku nan take kafin a jefar. Idan aka jingine ta a lungu da sunan za a zubar, mako ba zai zagayo ba sai an ganta a kan ƙugiya, ranar da aka nemi mai kyan aka rasa.